Ryzen 5 5600 da RTX 3060: Haɗin Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi Don Tace Bidiyo da Buga Gem

Duk wanda yake neman kwamfutar tebur da za ta yi masa aiki biyu, wato tace bidiyon biki ko na talla da rana, da kuma buga gem idan dare ya yi, alhali kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba, zai sha shawarwari iri-iri daga bakin masu shaguna, tun daga titin Beirut a Kano zuwa Banex a Abuja har Computer Village da ke Ikeja. Wani zai ce ya ɗauki laftof na hannu, wani zai nuna masa tsohuwar kwamfutar ofis ya ce a cusa mata katin hoto, wani kuma zai ce a sayi kayan ɗaya bayan ɗaya a harhaɗa. Injin da zan yi bayani a kansa na wannan hanya ta uku ne, kuma da shi nake aiki: furosesa (wato ƙwaƙwalwar injin) Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, madabod (allon da ake harhaɗa kayan a kansa) mai B550, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabayit 32 nau'in DDR4, katin hoto RTX 3060 mai gigabayit 12, SSD (ma'ajiyar fayiloli) terabayit 1, da fawa-fak (na'urar ba kayan wuta) mai wat 650. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake sabon yayi, kuma da gangan na zaɓe su haka. A ganina, ga mutumin da tace bidiyo ita ce hanyar abincinsa, gem kuwa nishaɗi ne, da wuya a sami haɗin da ya fi wannan biyan buƙata a daidai wannan kuɗi, sai dai yana da wuraren da yake gazawa, kuma ya kamata a san su kafin a buɗe aljihu. Farashin da zan ambata na dala ne, wanda kamfanonin suka sanya ranar da suka fitar da kayan, domin tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin irin waɗannan kaya a shagunanmu canjin dala yake bi.

Furosesa ce take yanke hukuncin irin madabod da irin RAM da za a saya, shi ya sa ake fara zaɓenta. AMD ta fitar da Ryzen 5 5600 a watan Afrilun 2022 a kan dala 199, kuma farashinta ya sauka sosai tun daga lokacin. Tana da cibiyoyin aiki 6 masu ɗaukar zaren aiki 12 a lokaci guda, gudunta yana kaiwa gigahaz 4.4, kuma tana cikin rukunin wat 65, wato ba ta da cin wuta. Abin da ya fi ɗaga darajarta a wajen gem shi ne ma'ajiyarta ta ciki mai megabayit 32, inda take ajiye bayanan da take yawan komawa gare su ba tare da ta jira RAM ba. A daidai nan ake yawan ruɗar masu saye. Akwai Ryzen 5 5500 da kuma Ryzen 5 5600G, sunayensu sun yi kusa da nata, kwalayensu ma kusan iri ɗaya ne, amma su biyun ma'ajiyarsu megabayit 16 ce, kuma hanyarsu ta musayar bayanai da katin hoto da SSD, wato PCIe, ba ta wuce 3.0 ba, alhali ita 5600 tana kaiwa PCIe 4.0. Ba wai ba su da amfani ba ne. 5600G tana ɗauke da nata ƙaramin mai sarrafa hoto a ciki, don haka wanda bai da kuɗin kati yanzu zai iya fara aiki da ita har Allah Ya hore masa. Amma wanda zai sayi kati a rana guda, bai kamata ya yarda a musanya masa 5600 da ɗayansu da sunan ai duk ɗaya ne ba. Ya kuma sani cewa tun da 5600 ba ta da mai sarrafa hoto, ramin HDMI da ke bayan madabod ba zai ba shi komai ba. Mutane da yawa sukan gama haɗi, su soka waya a can sama, su kunna su ga allo baƙi ƙirin, hankalinsu ya tashi, alhali abin da ake buƙata kawai shi ne a sauko da wayar zuwa ramin da ke jikin katin hoto.

Abokiyar hamayyarta ta gaskiya ita ce Core i5-12400 ta Intel, wadda ta fito a watan Janairun 2022, ita ma da cibiyoyi 6 da zare 12. A gem kusan kunnen doki suke yi. Inda Intel ta fi shi ne abin da take kira Quick Sync, wani ɓangare na mai sarrafa hoton da ke cikinta wanda yake warware bidiyo da kansa, har da nau'in H.265 mai bit 10 da tsarin launi 4:2:2, wanda kyamarori irin Canon R6 da Sony A7 IV suke iya ɗauka. Sai dai wadda ta fi yawa a kasuwa saboda araha ita ce 12400F, kuma wannan harafi na F yana nufin an kashe mai sarrafa hoton, Quick Sync ma ya tafi tare da shi. Mai tace bidiyon da ya zaɓi Intel sannan ya ɗauki mai F ya bar abin da ya kai shi can. Ni na tsaya a AMD ne saboda yawancin abin da ke zuwa hannuna bidiyo ne mai bit 8 daga kyamarori na yau da kullum da wayoyi, da kuma sauƙin samun madabod da kayan gyaransa.

Katin hoto shi ne yake cinye kaso mafi girma na kuɗin, kuma shi ne wurin da buƙatar ɗan gem da ta mai tace bidiyo suke rabuwa. Da gem kawai ake nema, da zan ce a ɗauki RX 6600 na AMD a huta. Ya fito a watan Oktoban 2021 da gigabayit 8, yana cin wat 132, yana bin RTX 3060 kafaɗa da kafaɗa a yawancin gem a girman hoto 1080p, kuma galibi ya fi shi araha. Amma da zarar an buɗe manhajar tace bidiyo, lissafin ya canza. RTX 3060, wanda Nvidia ta fitar a watan Fabrairun 2021 a kan dala 329, yana da ƙwaƙwalwar kansa gigabayit 12, adadin da ya zarce na wasu katunan da suka fi shi tsada. DaVinci Resolve manhajar tace bidiyo ce da take jibga aikinta a kan katin hoto, kuma idan aka jera bidiyo mai 4K, aka ɗora gyaran launi hawa-hawa, aka ƙara rubutu mai motsi, ƙwaƙwalwar kati ce take fara cika. Idan ta cika, ba sannu a hankali aikin yake raguwa ba, yakan tsaya ne cak da saƙon cewa ƙwaƙwalwar katin ta ƙare. Gigabayit 4 da ke tsakanin 8 da 12 su ne sau da yawa suke raba wanda ya miƙa aikinsa a kan lokaci da wanda ya kwana yana rage kayan ado a kan bidiyo don injin ya yarda ya fitar. Baya ga haka, manhajojin Adobe da Blender sun daɗe suna jituwa da fasahar CUDA ta Nvidia, sannan NVENC, wato ɓangaren katin da ke dunƙule bidiyo lokacin fitarwa, yana ba da hoto mai tsabta a nau'in H.264 ko da an matse girman fayil, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai tura aiki ta WhatsApp ko ya ɗora a YouTube da datar da ya saya da kuɗinsa.

Akwai tarko a cikin sunan katin kansa. A ƙarshen 2022 Nvidia ta fitar da wani RTX 3060 mai gigabayit 8, wanda ba ƙwaƙwalwa kawai aka rage masa ba, har hanyar da bayanai ke bi an tsuke ta daga bit 192 zuwa bit 128, don haka a gem ma ya fi na asalin rauni. Kwalinsa yana ɗauke da suna iri ɗaya da manyan baƙaƙe, bambancin kuwa yana can a gefe da ƙananan rubutu. Dole mai saye ya juya kwalin ya ga 12GB da idonsa, sannan idan an saka katin a inji ya buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, ya tabbatar da adadin ƙwaƙwalwar da faɗin hanyar. Wannan manhaja tana kuma tona asirin katunan jabu, irin tsofaffin da ake sauya wa bayanan ciki su riƙa amsa sunan GTX 1050 Ti. Katin da nake gargaɗin kowane mai tace bidiyo a kansa shi ne RX 6500 XT na Janairun 2022. Farashinsa yana jan hankali, amma gigabayit 4 kawai gare shi, kuma ba shi da ɓangaren dunƙule bidiyo kwata-kwata, wato duk nauyin fitar da aiki a kan furosesa zai faɗa. Araha ba ta ado.

Game da sababbin katuna kuwa, RTX 4060 ya zo a watan Yunin 2023 a kan dala 299, ya fi 3060 gudu a gem, yana iya fitar da bidiyo a nau'in AV1, kuma wat 115 kawai yake ci, a maimakon wat 170. Ga wanda yake aiki a kan sola da batir, wannan ragin wat 55 ba abin rainawa ba ne, kuma ba zan ga laifinsa ba idan ya zaɓe shi. Matsalarsa ita ce gigabayit 8. Shi kuma Arc B580 na Intel, wanda ya fito a watan Disambar 2024 a kan dala 249 da gigabayit 12, yana da kyau ƙwarai a takarda, kuma yana da ƙarfi wajen sarrafa bidiyo, sai dai yana buƙatar a kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a cikin BIOS, wato manhajar saitin madabod, kafin ya yi aikin kirki, kuma masu gyara a nan ba su saba da shi kamar yadda suka saba da Nvidia ba.

Yawancin RTX 3060 da za a gani a kasuwa yanzu na hannu ne, kuma yana da kyau a tuna daga ina da yawansu suka fito. A shekarar 2021 masu haƙar kuɗin kirifto sun kwashe katuna har suka yi wuyar samu, sannan a watan Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da tsarin haƙa da katin hoto, sai aka sako su kasuwa rututu. Katin da ya yi haƙa ba lalle ne ya lalace ba, amma ya yi watanni yana aiki dare da rana, kuma fankokinsa da kayan sanyayarsa su suka fi jin jiki. Idan aka miƙo maka shi, ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana girgiza ko tana ƙara, ka duba bayan allon ko akwai wurin da ya yi ruwan ƙasa saboda zafi, ka lura da maiƙon da ke tsatstsafowa a gefen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ka kuma dubi kawunan sukurori huɗu da ke baya ko sun cinye saboda yawan kwancewa. Bayan haka a kunna shi a gabanka, a sa masa manhajar gwaji ta FurMark ya yi aiki na tsawon lokaci, kana kallon zafinsa da kuma allon, ko za a ga ɗigo-ɗigon launi ko walƙiya. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

A kan RAM ba ni da doguwar magana sai abu biyu. Na farko, gigabayit 16 sun isa gem, amma Adobe da kanta tana ba da shawarar 32 ga mai aikin 4K a Premiere Pro, haka ma Blackmagic Design, mai Resolve, tana neman 32 ga mai amfani da sashen Fusion na Resolve. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo daga ƙarshen 2025 saboda yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke wawushe shi, don haka wanda bai iya 32 a yanzu ba ya fara da sanduna biyu masu 8 kowanne, ya bar ramuka biyu don gaba. Na biyu, sanduna biyu sun fi sanda ɗaya mai girman su biyun, domin furosesa tana karanta su ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma a madabod mai ramuka huɗu wurinsu shi ne rami na biyu da na huɗu idan aka ƙirga daga furosesa. Sannan sai an shiga BIOS an kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP kafin RAM mai 3200 ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa, in ba haka ba yakan tsaya a 2133 ko 2400. Injuna da yawa suna aiki shekaru a haka ba tare da masu su sun sani ba.

Madabod ba ya ƙara gudu, aikinsa shi ne kada ya hana. Na ɗauki MSI B550M PRO-VDH WiFi saboda yana da ramukan RAM huɗu, ramukan SSD na M.2 biyu, da wani maɓalli a baya da ke ba da damar sabunta BIOS daga filasha ko da furosesa ba ta tashi ba. Madabod mai B450 ya fi araha kuma yana ɗaukar 5600, amma sai an sabunta masa BIOS, kuma ba shi da PCIe 4.0, haka ma A520. Idan aka samu B450 mai kyau wanda mai shago ya kunna shi da 5600 a gabanka, ba asara ba ce.

Wajen ajiya, SSD nau'in NVMe na PCIe 3.0 yana karanta kusan megabayit 3,500 a daƙiƙa, na PCIe 4.0 yana iya kaiwa 7,000, na SATA kuwa yana tsayawa a wajen 550. Waɗannan alƙaluma suna burgewa a jikin kwali, amma abin da ya fi damun mai tace bidiyo shi ne yadda SSD yake yi idan aka juye masa katin kyamara guda cike da bidiyon kamu da walima. Masu araha, musamman masu ƙwayoyin QLC, sukan fara da gudu, sannan idan ƙaramar ma'ajiyarsu ta gaggawa ta cika sai su koma tafiyar hawainiya. Wanda nake amfani da shi WD Black SN770 ne mai ƙwayoyin TLC, kuma bai ba ni wannan matsala ba. Terabayit 1 yana cika da wuri idan gem da aiki suna zaune wuri ɗaya, domin manyan gem na yanzu sukan haura gigabayit 100 kowanne. Saboda haka na ƙara faifan ajiya mai juyi don ayyukan da aka gama. Bidiyon biki ba a maimaita ɗaukarsa, don haka duk aikin da ba a miƙa ba tukuna ya kamata ya zauna a wuri biyu. Wanda zai sayi SSD ko faifai na hannu ya buɗe CrystalDiskInfo ya ga awoyin da ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa.

Yanzu na zo kan abin da na fi damuwa da shi, wanda kuma masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kansa ba, domin wutarsu ba irin tamu ba ce. Fawa-fak shi ne yake karɓar wutar bango ya mayar da ita wadda sauran kayan za su iya sha, kuma yana iya mutuwa ya tafi da 'yan uwansa. Abin takaici, shi ne kuma ake fara rage wa kuɗi, har ma wasu sukan yarda da wanda ya zo kyauta a cikin akwati, mara nauyi, mai ɗauke da wani babban adadi da ba zai taɓa iya bayarwa ba. Nvidia tana ba da shawarar wat 550 ga RTX 3060. Injin gaba ɗaya, idan yana tsakiyar aiki mai nauyi, yana cin abin da ya kai wat 300 ko sama da haka kaɗan, don haka 650 ya bar sarari mai kyau, kuma babu buƙatar 850. Irin su Corsair CX650 da MSI MAG A650BN sun wadatar. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna cewa fawa-fak ba ya ɓarnar wuta da yawa, amma ba shaida ce ta ingancin kayan cikinsa ko kariyarsa ba, don haka sunan kamfani da samfurin sun fi tambarin muhimmanci. Wannan kuma shi ne kaya ɗaya tilo da ba zan saya na hannu ba ko da an rage mini rabin kuɗi.

Sai UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe inji idan an ɗauke wuta, wanda ni nake lissafa shi cikin kayan kwamfutar, ba wani ƙari na daban ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar fitar da bidiyo ɓata lokaci ce kawai, amma ɗaukewarta lokacin da inji yake rubuta fayil ɗin aiki ko yake sabunta BIOS tana iya zama asara ta gaske. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar ma'aunin VA da ake rubutawa a jikin UPS a matsayin wat. UPS mai 650VA, wanda ya fi yawa a shaguna, abin da yake iya ɗauka bai cika kaiwa wat 400 ba, kuma da an ɗora masa wannan inji da monita yana tsakiyar gem, ya kusa kai maƙura. Mai 1200VA zuwa 1500VA ya fi dacewa. Fawa-fak na zamani kuma sun fi jituwa da wuta mai tsabtataccen zubi, irin wadda inbata mai kyau take bayarwa, wasunsu sukan yi ƙara ko su mutu a lokacin da UPS mai araha ya karɓi aiki. Wanda yake da sola da inbata irin wannan ya huta. Mai dogaro da ƙaramin janareta kuwa kada ya haɗa injin kai tsaye ba tare da sitabilaiza ko UPS a tsakani ba.

Zafi da ƙura su ma suna da nasu hukunci. Na'urar sanyaya da ke zuwa a kwalin 5600, wato Wraith Stealth, tana iya aikin a ɗaki mai sanyi, amma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yake kaiwa digiri 40, za a ji fankarta tana ihu, furosesa kuma tana rage gudu da kanta idan ta doshi iyakarta ta digiri 90. Na musanya ta da mai hasumiya da fanka ɗaya, kuma bambancin a bayyane yake a kunne tun kafin a duba lambobi. Akwati ya zama mai raga a gaba, ba gilashi ba, da matatar ƙura da ake iya zarewa a wanke, domin a lokacin hunturu ƙura takan toshe haƙarƙarin na'urar sanyaya cikin ɗan lokaci. Fitilu masu launi ba sa sanyaya komai, kuma kuɗinsu ya fi amfani a kan fanka. Ga mai kwance na'urar sanyaya don sharewa, akwai abin lura game da soket na AM4, wato mazaunin furosesar a kan madabod: furosesar ce take ɗauke da allurai 1,331, kuma idan man da ke tsakaninta da na'urar ya bushe, jan na'urar sama kai tsaye yakan fizgo furosesar daga mazauninta ya lanƙwasa alluran. A bar injin ya ɗan yi aiki ya yi ɗumi, a kashe shi, sannan a murɗa na'urar hagu da dama a hankali kafin a ɗaga.

A wajen aiki na yau da kullum, injin yana cika alƙawari. A girman 1080p, EA Sports FC da eFootball da GTA V da Fortnite suna tafiya sumul a saiti mai kyau, suna haura firam 60 a daƙiƙa ba tare da wahala ba, manyan gem masu nauyi kuma suna buƙatar a ɗan sassauta saiti ko a kunna DLSS, fasahar Nvidia ta ƙara wa gem gudu. Tace bidiyon 1080p ba ya sa shi gumi, 4K mai bit 8 ma yana tafiya daidai matuƙar ba a cika masa kaya ba. Inda yake durƙusawa shi ne bidiyo mai bit 10 da tsarin 4:2:2, domin RTX 3060 ba ya iya warware shi, sai furosesa ta ɗauki nauyin, hoton ya riƙa tsalle a kan layin aiki. Maganinsa shi ne a yi wa fayilolin ƙananan kwafi masu sauƙi a yi aiki da su, sannan a koma kan na asali lokacin fitarwa, wanda ke cin lokaci da wurin ajiya. Wanda kyamararsa irin wannan bidiyo take ɗauka kullum, i5-12400 mara F ta fi masa, ko kuma katin jerin RTX 50 na 2025, wanda ya zo da ikon warware 4:2:2. Ya kuma tuna cewa DaVinci Resolve na kyauta an tsara shi ne don bidiyo mai bit 8 har zuwa girman 3840 da 2160 a firam 60, cikakkensa kuwa dala 295 ne. Bidiyon waya ma yana da nasa hali, domin yawan firam ɗinsa yakan sauya a tsakiyar ɗauka har murya ta saɓa da baki, kuma wannan ba laifin inji ba ne, manhajar HandBrake tana daidaita shi.

Gazawa ta biyu ita ce hanyar AM4 ta kusa ƙarewa. Soket ɗin ya fito tun 2016, magajinsa AM5 ya zo a watan Satumban 2022 kuma DDR5 kawai yake karɓa, don haka ranar da za a koma can sai an sauya furosesa da madabod da RAM gaba ɗaya. Duk da haka akwai sauran matakai a gida: Ryzen 7 5700X mai cibiyoyi 8, ko Ryzen 9 5900X mai 12 ga wanda aikinsa ya yi nauyi, duk suna zama a kan madabod ɗin nan. Wannan ya fi abin da tsohuwar kwamfutar ofis za ta bayar nesa ba kusa ba. Irin waɗancan sukan zo da fawa-fak mai siffa da wayoyi na musamman da ba ya ɗaukar babban kati, kuma masu furosesar Intel da ta gaza zuriya ta 8 ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Monita kuwa, inci 24 mai fuskar IPS ya fi talabijin ga mai gyaran launi, domin talabijin yana ƙara wa hoto armashi da kansa, sai ka gyara fuskar amarya ta yi kyau a ɗakinka, ta fito daban a wayar masu biki.

Saura yadda za a sayi kayan. Mai ƙaramin ƙarfi yakan so ya riƙa saye ɗaya-ɗaya duk wata yana tarawa a kwali, kuma niyya ce mai kyau, amma tana da haɗari, domin garantin da yawancin shaguna suke bayarwa a kan kayan hannu na 'yan kwanaki ne, zai ƙare tun kafin a sami sauran kayan da za a gwada shi da su. Akwati da fawa-fak da UPS da monita ana iya sayensu da wuri. Furosesa da madabod da RAM da katin hoto kuwa a saye su tare, a haɗa su a shagon, a ga injin ya tashi, a rubuta lambar jikin kowanne a kan rasit, sannan a cikin kwanakin garantin a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada RAM, a kuma fitar da dogon bidiyo ko da sau ɗaya ne kafin wa'adin ya cika.